Zuciya, Damuwa da Motsa Jiki: Nazarin Maganganun Bahaushe ta Fuskar Ilimin Lafiya

Tsakure

Wannan maƙala ta nazarci dangantakar da ke tsakanin damuwa da lafiyar zuciya da motsa jiki, ta hanyar ɗora maganganun Bahaushe na yau da kullum a kan abin da ilimin aikin gaɓoɓin jiki ya tabbatar. An lura cewa Hausa ta ƙware wajen siffanta abin da damuwa ke yi wa jiki, domin maganganu irin su faɗuwar gaba da tafasar zuciya da haɗiyar zuciya duk suna da makwafinsu a bayanin likitoci. Sai dai kalmomin da Bahaushe ke neman sauƙi da su, wato kwanciyar hankali da haƙuri da hutu, nuni suke yi ga zama wuri ɗaya, alhali jikin da damuwa ta tayar shirin motsi ya yi. Maƙalar ta bayyana yadda motsa jiki ke kwantar da wannan shiri, da yadda yake gyara zuciya da jijiyoyin jini da sauran gaɓoɓi. Ta kuma nuna cewa a da ayyukan gida da na gona da wasannin gargajiya ne ke cike wannan giɓi ba tare da an ba abin suna ba. An rufe da shawarwari ga masu tsara saƙon lafiya cikin Hausa.

Fitilun kalmomi: zuciya, damuwa, motsa jiki, hawan jini, hutu

1.0 Gabatarwa

Alƙaluman Hukumar Lafiya ta Duniya sun nuna cewa cututtukan zuciya da na jijiyoyin jini su ne kan gaba wajen kashe mutane a duniya. A shekarar 2019 sun yi sanadin mutuwar kimanin mutum miliyan 17.9, wato kashi 32 cikin ɗari na mace-macen shekarar, kuma fiye da kashi uku cikin huɗu na wannan adadi a ƙasashe masu ƙarami da matsakaicin arziki ya auku. Hukumar ta kuma bayyana cewa a shekarar 2022 kashi 31 cikin ɗari na manyan mutanen duniya, kimanin mutum biliyan 1.8, ba sa motsa jikinsu gwargwadon abin da lafiya ke bukata. Irin waɗannan alƙaluma ne suka sa kiran a riƙa motsa jiki ya zama ruwan dare a shirye-shiryen lafiya na gidajen rediyo da kuma bakin ma'aikatan asibiti a ƙasar Hausa.

Sai dai wannan kira yana tarar da mai sauraro da nasa tunanin. Tun kafin likita ya ce wa Bahaushe zuciyarsa na cikin haɗari, yana da abin da yake nufi da zuciya. Tun kafin a ce masa ya motsa, akwai matsayin da ya ba hutu da gudu da wasa. Ke nan batun ya shafi manazarta Hausa kamar yadda ya shafi likitoci. Manufar wannan maƙala ita ce gano inda tunanin Bahaushe ya dace da bayanin kimiyya a kan damuwa da zuciya, da inda suka raba hanya, da kuma abin da wannan rabuwa ke jawowa.

1.1 Hanyar Nazari da Ma'anar Kalmomi

An bi hanyar kwatance, inda aka zaɓo maganganun Hausar yau da kullum masu siffanta tashin hankali da saukarsa, aka jera su kusa da sakamakon binciken likitoci da aka wallafa. An ɗora nazarin a kan ra'in da George Lakoff da Mark Johnson suka gabatar a shekarar 1980, wanda ke cewa ɗan Adam yana fahimtar abubuwan da ba a gani, kamar fushi da tsoro, ta hanyar siffanta su da abin da jikinsa ya saba ji.

A nan, damuwa na nufin halin da jiki da tunani ke shiga idan mutum ya fuskanci matsin da yake ganin ya yi masa nauyi, ko na ɗan lokaci ne kamar firgita, ko mai daɗewa kamar bashi da rashin aiki da rashin zaman lafiya a gida. Motsa jiki kuwa ya ƙunshi duk wani motsin tsoka da ke sa numfashi da bugawar zuciya su ƙaru, ko da niyyar neman lafiya aka yi shi, ko a cikin aiki ya zo.

2.0 Zuciya a Bakin Bahaushe

Kalmar zuciya tana ɗauke da ma'anoni biyu da ba a cika rarrabe su ba. Ita ce tsokar da ke cikin ƙirji, ita ce kuma mazaunin so da ƙi da fushi da niyya. Shi ya sa ake samun farar zuciya da baƙar zuciya da mutuwar zuciya da saurin zuciya. Hatta ciwon zuciya yana iya zama cutar da ake kai mutum asibiti dominta, yana iya zama baƙin cikin da wani ya ƙunsa wa wani. Ga wasu maganganu da Bahaushe ke siffanta damuwa da su:

(1) Gabana ya faɗi.
(2) Ƙirjinsa na dukan uku-uku.
(3) Hantar cikinsa ta kaɗa.
(4) Gumi ya keto masa.
(5) Tsigar jikinta ta tashi.
(6) Yawun bakinsa ya ƙafe.
(7) Zuciyarsa na tafarfasa.
(8) Ya haɗiyi zuciya ya mutu.

Babu ɗaya daga cikin waɗannan da ta ambaci tsoro ko fushi da sunansa. Dukkansu rahoto ne na abin da ke faruwa a ƙirji da ciki da fata da baki. Ga kuma maganganun da ake yi wa wanda ke cikin wannan hali, ko ake siffanta fitarsa daga ciki:

(9) Kwantar da hankalinka.
(10) Zuciyarsa ta yi sanyi.
(11) Sai haƙuri.
(12) Je ka huta.

Idan aka haɗa rukunan biyu za a ga tsari guda: damuwa tashi ce da zafi, sauƙi kuma kwanciya ne da sanyi. Hankali yana tashi yana kwanciya, zuciya tana tafasa tana hucewa. A cikin wannan tsari motsi ya faɗa ɓangaren matsala, zama kuma ya faɗa ɓangaren magani. Za a dawo kan wannan bayan an duba abin da kimiyya ta ce.

3.0 Abin da Damuwa ke Yi wa Jiki

A shekarar 1915 masanin aikin gaɓoɓi na Amurka, Walter Cannon, ya bayyana cewa idan dabba ko mutum ya hango haɗari, jikinsa kan shirya wa ɗayan abu biyu, faɗa ko gudu. Ƙwaƙwalwa kan aika saƙo ta wasu jijiyoyi da ba sa jiran izinin mutum, sai wasu ƙananan gaɓoɓi biyu da ke bisa ƙoda su saki sinadarin adirenalin cikin jini. Nan take zuciya za ta ƙara sauri da ƙarfin bugu, wanda shi ne misali na (1) da na (2). Jini zai ragu a hanji da ciki ya karkata zuwa tsokokin hannu da ƙafa, kuma wannan sauyi na cikin abin da ake ji a misali na (3). Gumi zai fito domin sanyaya jikin da ake sa ran zai yi aiki, ƙananan tsokokin da ke gindin gashi za su tsuke, yawu zai ragu saboda an dakatar da narkar da abinci, kamar yadda misalai na (4) zuwa (6) suka faɗa. Hanta kuma za ta zuba sukari cikin jini, a matsayin makamashin gudun da ake jira.

Wannan shiri rahama ne ga wanda ya yi kiciɓis da kura. Matsalar tana tasowa ne idan abin da ya tayar da shi ba a guje masa da ƙafa, ba a kuma doke shi da hannu. Hans Selye, wanda ya fara wallafa bincikensa a kan wannan fage a 1936, ya nuna cewa matsin da ya daɗe yana gajiyar da jiki har ya yi masa lahani. A irin wannan hali sinadarin kotisol kan daɗe da yawa a jini, jijiyoyin jini su zauna a tsuke, awon jini ya ƙi sauka, sukari ya yi ta yawo ba a ƙona shi ba, barci ya lalace. Mai bin bashin da ba shi da hanyar biya, ko matar da ke kwana da fargabar saki, jikinsu a shirye yake da gudun da ba za a taɓa yi ba. Maganar nan ta zamani, “za ka sa mini hawan jini”, ba ta yi nisa da gaskiya ba.

Bincike mai suna INTERHEART, wanda Salim Yusuf ya jagoranta aka wallafa a mujallar Lancet a 2004, ya kwatanta kimanin mutum 15,000 da suka gamu da toshewar jijiyar zuciya da kusan adadinsu na masu lafiya, a ƙasashe 52 har da na Afirka. Ya gano abubuwa tara da suka ɗauki kimanin kashi 90 cikin ɗari na haɗarin kamuwa da cutar. Damuwa tana cikin taran, rashin motsa jiki ma yana ciki, tare da shan taba da hawan jini da ciwon sukari da teɓa.

Hatta misali na (8) yana da abin da ya yi kama da shi a asibiti. A 1990 likitoci a Japan suka bayyana wata cuta da suka kira takotsubo, inda mummunan labari ko firgita mai tsanani ke raunana tsokar zuciya farat ɗaya, har ɗakinta na hagu ya kumbura ya yi kama da wani tulu da masuntan ƙasar ke kamun wata halittar teku da shi. Ta fi kama mata masu manyan shekaru. Yawancin masu ita suna warkewa cikin makonni, wasu kuwa takan zama ajalinsu. Abin lura a nan shi ne Bahaushe ya daɗe da sanin baƙin ciki na iya tsayar da zuciya.

4.0 Yadda Motsa Jiki ke Rage Damuwa

Idan damuwa shirin motsi ce, to motsin shi ne cikar shirin. Wannan ce hanya ta farko. Tsokar da ke aiki tana ƙona sukari da kitsen da aka zubo cikin jini, kuma da zarar an tsaya, ɓangaren jijiyoyin da ke kwantar da jiki yakan karɓi ragama. Bugun zuciya ya sauka, jijiyoyin jini su saki, awon jini ya yi ƙasa da inda yake kafin a fara, kuma wannan sauka kan ɗauki sa'o'i. Wato sanyin da misali na (10) ke nufi yana samuwa a bayan gumi.

Hanya ta biyu ita ce sabo. Motsa jiki shi kansa matsi ne, domin yana tayar da adirenalin da bugun zuciya. Bambancinsa da damuwar rayuwa shi ne yana da farko yana da ƙarshe, kuma mai yin sa ne ke riƙe da linzami. Jikin da ya saba hawa da sauka a kai a kai yakan iya saukowa da wuri idan wani abin tashin hankali ya same shi.

Hanya ta uku ta shafi ƙwaƙwalwa. Yayin motsi jiki kan saki sinadarai irin su endofin, masu rage jin zafi da kawo nishaɗi, sannan akwai wasu da ke taimaka wa ƙwayoyin ƙwaƙwalwa su rayu su ƙulla sababbin hanyoyi. A 1999 James Blumenthal da abokan aikinsa a Jami'ar Duke ta Amurka sun raba mutum 156 masu shekara 50 zuwa sama, waɗanda ke fama da ciwon tsananin damuwa, zuwa rukuni uku: masu motsa jiki, masu shan magani, da masu haɗa biyun. Bayan mako 16, sauƙin da rukunan suka samu bai bambanta sosai ba. Wannan sakamako ya nuna ƙarfin motsa jiki, amma bai zama izinin ajiye maganin da likita ya rubuta ba.

Hanya ta huɗu ita ce barci. Wanda ya gaji da rana yakan fi saurin samun barci mai nauyi, barcin kuma shi ke rage damuwar gobe. Ta biyar kuwa ita ce katse abin da Hausa ke kira saƙa da warwara. Mai tafiya da sauri ko mai buga ƙwallo hankalinsa na kan numfashinsa da takunsa, kuma idan cikin jama'a yake, ya tsira daga kaɗaicin da tunani ke yaɗo a cikinsa.

5.0 Motsa Jiki da Lafiyar Zuciya da Sauran Gaɓoɓi

Hujja ta farko mai ƙarfi a kan wannan batu daga motocin haya na birnin Landan ta fito. A 1953 Jeremy Morris ya wallafa bincikensa a kan ma'aikatan sufuri kimanin 31,000. Direbobin bas masu hawa biyu suna wuni a zaune, kwandastoci kuwa suna hawa da sauka a matakala suna karɓar kuɗi. An tarar cewa ciwon jijiyar zuciya ya fi yawa a direbobi, kuma ya fi saurin kashe su. Ya sake samun irin wannan sakamako da ya kwatanta masu raba wasiƙu a ƙafa ko a keke da takwarorinsu masu aikin zaune.

Dalilan sun fito fili daga baya. Zuciya tsoka ce, kuma tana ƙarfafa da aiki. A zaune tana tura kimanin lita 5 na jini a minti guda, a lokacin aiki mai ƙarfi kuwa tana iya ninka wannan sau huɗu ko biyar. Zuciyar da ta saba da haka takan tura jini mai yawa a kowane bugu, don haka ba ta bukatar yawan bugawa idan mutum na hutawa. Bugun babban mutum a zaune yana tsakanin 60 da 100 a minti, na ƙwararrun 'yan wasa kuwa yakan sauka ƙasa da 60. Idan aka ɗauka bugun wani ya sauka daga 80 zuwa 65, ya rage wa zuciyarsa bugu 21,600 a kwana guda. Ko da tafiyar rabin sa'a ta ƙara masa bugu 60 a kowane minti, abin da ya kashe bai wuce 1,800 ba. Ta wannan lissafi, mai motsa jiki shi ne ya fi hutar da zuciyarsa.

Jijiyoyin jini su ma suna amfana. Gudun jini a jikin bangonsu yana sa su saki wani sinadari mai suna nayitirik oksayid, wanda ke buɗe su ya hana su sandarewa. Gano aikin wannan sinadari ne ya sa aka ba Robert Furchgott da Louis Ignarro da Ferid Murad kyautar Nobel a 1998. Ga mai hawan jini, wato wanda awonsa ya tsaya a 140 bisa 90 ko sama, motsa jiki a kai a kai kan rage lambar sama da maki 5 zuwa 8, ragin da ke da tasiri wajen kauce wa shanyewar ɓarin jiki.

Ta fuskar sukari, tsokar da ke aiki tana iya zuƙar sukari daga jini ko da insulin bai wadata ba. Wani babban bincike na rigakafin ciwon sukari a Amurka, wanda aka wallafa a 2002, ya bi mutum 3,234 da ke dab da kamuwa da cutar. Waɗanda suka gyara cimarsu suka kuma yi motsa jiki na minti 150 a mako sun rage haɗarin kamuwa da kashi 58 cikin ɗari, masu shan maganin metformin kuwa kashi 31. Bayan wannan, motsi yana ƙarfafa ƙashi, yana rage faɗuwa ga tsofaffi, kuma Hukumar Lafiya ta Duniya ta lissafa shi cikin abubuwan da ke rage haɗarin sankarar mama da ta hanji.

6.0 Motsi a Rayuwar Bahaushe, Jiya da Yau

Tambayar da ke tasowa ita ce: idan harshen Hausa ya ɗora sauƙi a kan kwanciya, ta yaya Bahaushen da ya tsira? Amsar ita ce rayuwarsa ta ba shi motsin da harshensa bai umarce shi da shi ba. Manomi yana shara da shuka da noma da huɗa da girbi da hannunsa. Bafatake yana takawa da jakuna har Gwanja neman goro. Mace tana surfe da daka da niƙa da shiƙa, tana jan guga, tana ɗauko itace. Yara suna langa, 'yan mata suna gaɗa a dandali, samari suna kokawa da dambe da kaka.

Abin da ya fi jan hankalin manazarcin adabi shi ne yadda waɗannan ayyuka suka haɗa hanyoyin rage damuwa da aka lissafa a sama. Waƙoƙin niƙa da na daka da na daɓe fage ne da mace ke amayar da abin da ke cin ranta game da kishiya ko miji ko uwar miji, cikin habaici, a daidai lokacin da tsokokinta ke aiki, galibi kuma tare da 'yan'uwanta mata. Gayya ma haka take: aiki mai ƙarfi, da kiɗa, da kirari, da raha. A waɗannan wurare gumi da furuci da zumunci a tare suke tafiya. An daɗe ana nazarin waɗannan waƙoƙi ta fuskar jigo da salo, kuma akwai damar a dube su a matsayin hanyar da al'umma ta tanada ta sauke nauyin zuciya.

A birane wannan tsari ya warware. Injin niƙa ya karɓi aikin dutse da turmi, famfo da 'yan garuwa sun karɓi na guga, babur da a-daidaita-sahu sun karɓi na ƙafa, talabijin da wayar hannu sun cinye lokacin dandali. Kowane ɗaya daga cikinsu sauƙi ne na gaske, musamman ga mata. Amma motsin ya tafi, damuwa ta zauna, kuma kalmomin neman sauƙi ba su sauya ba.

Bai kamata a ɗauka duk wahala lafiya ce ba. Andreas Holtermann na ƙasar Denmak da abokan aikinsa sun ja hankali a 2018 cewa aikin ƙarfi na tsawon wuni, mai ɗaga kaya masu nauyi ba tare da isasshen hutu ba, ba ya ba zuciya irin amfanin da motsa jiki na ganin dama ke bayarwa. A ɗaya ɓangaren, binciken PURE na 2017, wanda ya shafi mutum 130,000 a ƙasashe 17, ya samu cewa motsi na rage haɗarin mutuwa ko a wasa aka yi shi ko a aiki da zirga-zirga. Abin da za a ɗauka a nan shi ne ɗan dako da mai turin kura hutu da abinci suke bukata, ma'aikacin ofis da mai tsaron shago da uwar gida mai 'yan aiki kuwa motsi suke bukata. Saƙo ɗaya ba zai dace da su duka ba.

7.0 Hutu, Girma da Haƙuri

Akwai abubuwa uku a al'ada da ke tsaya wa saƙon motsa jiki a gaba. Na farko shi ne darajar hutu. A al'ummar da ta san zafin fartanya, hutu alamar samu ce. Ana cewa wane ɗan hutu ne, wance ta murje ta yi kyau, ana gaida mai zaune da sannu da hutawa. Attajirin da aka gani yana tafiya a ƙasa, abin da zai fara zuwa ran mutane shi ne ko motarsa ta lalace, ko kuwa arzikin ne ya karye.

Na biyu shi ne kamun kai. Babban mutum da natsuwa aka san shi, kuma babbar riga da rawani ba su dace da gaggawa ba. Gudu kuwa sai da dalili, kamar yadda karin maganar nan ta nuna: in ka ga ƙi gudu, sa gudu ne bai zo ba. Kalmomin da ake da su ma ba su taimaka ba. Wasa yana nufin abin da ake yi a fili, yana kuma nufin abin da ba shi da muhimmanci. Atisaye ya fi karkata ga soja da 'yan sanda, tiranin kuma na samari 'yan ƙwallo ne. Dattijo ko matar aure ba sa ganin kansu a cikin ko ɗaya.

Na uku shi ne haƙuri. Anthony Kirk-Greene, a nazarinsa na 1974 a kan mutumin kirki, ya lissafa haƙuri da kunya cikin ginshiƙan halin da Bahaushe ke yabo. Haƙuri na gaske, wanda ke tare da tawakkali, yana kwantar da zuciya. Amma sau da yawa abin da ake kira haƙuri shiru ne kawai, fuska na murmushi ta ciki na ciki. Mai irin wannan hali ya hana bakinsa magana ya hana jikinsa motsi, adirenalin da kotisol kuwa suna ci gaba da aikinsu.

Duk da haka al'ada da addini ba su bar mai kira hannu rabbana ba. Bahaushe ya ce motsi ya fi laɓewa, ya kuma ce lafiya uwar jiki. Ruwayoyi sun zo da cewa Annabi (SAW) ya yi tseren gudu da Nana A'isha (RA), an kuma kwaɗaitar da takawa zuwa masallaci. Sannan Hausa na da kalmomin motsi da ba su zubar da girman kowa: miƙe ƙafa, tattaki, shan iska, tsinka jini.

8.0 Shawarwari

Ƙa'idar da Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar a 2020 ta nemi babban mutum ya yi motsi matsakaici na minti 150 zuwa 300 a mako, ko mai ƙarfi na minti 75 zuwa 150, tare da aikin ƙarfafa tsoka kwana biyu a mako. Yara masu shekara 5 zuwa 17 suna bukatar kimanin minti 60 a kullum. Ga yadda za a iya kawo wannan kusa da mai sauraron Hausa:

1. A fassara adadin zuwa abin da aka sani. Minti 150 shi ne tafiyar rabin sa'a kwana biyar a mako. Matsakaicin motsi kuwa shi ne wanda mai yin sa zai iya magana amma ba zai iya rera waƙa ba.
2. A zaɓi kalma gwargwadon mai sauraro. Dattijo a ce masa ya riƙa miƙe ƙafa bayan asuba ko bayan la'asar, a bar wa samari tiranin.
3. A yi wa matan da ke cikin gida tanadi na musamman: zagaya tsakar gida da sauri, tsallen igiya, da ayyukan hannu, kuma in da hali su yi tare da maƙwabta.
4. A lura da yanayi. A guji tsakar rana a bazara, a sha ruwa, a rage fita idan ƙurar hunturu ta yi yawa, a azumi kuma a jinkirta zuwa bayan shan ruwa.
5. A haɗa kowane saƙo da gargaɗi. Mai hawan jini ko ciwon sukari ko ciwon zuciya ya nemi shawarar likita kafin ya fara, ya fara a hankali, kada ya bar maganinsa. Wanda ya ji ciwon ƙirji ko jiri ko ɗaukewar numfashi ya tsaya ya nufi asibiti.
6. Marubuta littattafai da masu shirya fina-finan Hausa su riƙa nuna mutum mai mutunci yana tafiya a ƙasa ba tare da hakan na nufin talauci ba.

9.0 Kammalawa

Nazarin ya nuna cewa Bahaushe da likita sun yi tarayya a kan abu guda, wato zuciyar da ke jin baƙin ciki ita ce dai zuciyar da ke tura jini, kuma abin da ya taɓa ɗaya ya taɓa ɗayar. Inda suka rabu shi ne wajen magani. Harshe ya ce a kwanta, jiki kuwa sai ya motsa yake samun kwanciyar. A zamanin turmi da fartanya wannan saɓani bai cutar ba, domin aiki yana biyan bashin motsi. A yau da na'ura ta karɓi aikin, sai an nemi motsin da gangan, kuma ba za a neme shi ba sai an kira shi da sunan da mai sauraro ba zai ji kunyarsa ba. Samar da wannan suna aiki ne na masana Hausa, kuma fagen a buɗe yake ga mai son ya tattara kalmomin motsi da na hutu a karuruwan Hausa daban-daban, ya auna yadda jama'a ke karɓar kowannensu.